Faranti Ɗaya, Cokali Biyu

Duk wanda ya ce maka yunwa a ciki take zama, to bai taɓa tuƙa motar burodi da safe cikinsa wayam ba. A hanci take farawa. Ta bi maƙogwaro, ta sauka hannu ta sa shi rawa a kan sitiyari, sannan ta hau ka ta zauna tsakanin ido da ido, ta ƙi tashi har rana ta faɗi. Tanka ya san wannan sarai, don shi ne direban da ke raba wa shaguna kaya daga gidan burodin da ke bayan tashar mota, kuma ga shi an shiga wata na uku rabon da ya sa ko ɓallin burodi a bakinsa.

Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan Tanka, kuma tsakani da Allah ba su zalunce shi ba. Mutum ne da in ya shiga mota sai ka ji ta yi ƙara ta karkata gefe guda. Tumbinsa na gogar sitiyari har rigarsa ta yi baƙi a daidai wurin. A da, kafin ya isa shagon farko ya gama da burodi guda mai zafi, wanda aka tsaga aka cusa wa bota, ya kora da shayi mai kauri. Bai taɓa ganin laifin haka ba. Cewa yake jikinsa ne, da guminsa ya gina shi, ba sata ya yi ba.

Ciwon Auta ne ya zo ya rushe masa wannan zance. Auta ƙanwarsa ce, su biyu ke nan Inna ta haifa. Malamar makaranta ce, da yaranta biyu ƙanana, kwatsam ƙodarta ta daina aiki, aka ɗora ta a kan injin wankin ƙoda. Aka ce sai an samu mai ba ta ƙoda ɗaya. Aka gwada mijinta, bai dace ba. Aka gwada duk wanda ya yarda a dangi, babu. Da aka zo kan Tanka, likitar, wata siririyar mace mai tabarau, ta daɗe tana kallon takardar gwajin, sannan ta ɗago ta kalle shi tun daga sama har ƙasa.

"Jininku ya yi daidai," ta ce. "Ƙodarka ma lafiya lau. Amma ba zan sa maka wuƙa da wannan jikin ba. In na yi, maimakon mara lafiya ɗaya sai in wayi gari da biyu."

"To kilo nawa zan rage?"

Ta faɗa masa. Ya kwashe da dariya har kujerar robar na ƙara.

"Haba likita! Ai wannan mutum guda ne. Ɗan firamare sukutum za ki cire daga jikina."

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce masa injin nan ba zai riƙe Auta har abada ba, don zuciyarta ta fara gajiya, saboda haka ya yi da gaske, ya kuma yi da sauri. Nan take ya daina dariyar. Tun daga ranar ya shiga wannan hali.

Kullum da safe in ya juya motar ya jingina bayanta da ƙofar tanda ana loda masa tire-tiren burodi, sai Mai Kwaɓi ya fito yana karkaɗe fulawa daga hannu. Wani tsamurarren dattijo ne, irin mutanen nan da ko buhun fulawa suka cinye ba za ka gani a jikinsu ba, Allah dai ya kyauta.

"Tanka, wai an fara sace maka mai ne? Na ga tankin ya lotsa."

"Bar ni da abin da ke damuna."

"Ɓalli ɗaya fa! Likitar a aljihunka take?" Ya tsaga burodin a gabansa, tururi ya tashi. Da ya ga Tanka ya kau da kai yana haɗiyar yawu, sai ya ɓoye burodin a bayansa. "Yi haƙuri. Wallahi wasa nake. Yaya mai jikin?"

"Da sauƙi," in ji Tanka, ya ja ƙofar mota.

Ba dabarar da bai yi ba. Ya sha ruwa har in ya taka rami yana jin cikinsa na ƙugi kamar jarka. Ya tauna cingam har muƙamuƙinsa ya yi tsami. Daga baya ya gano man zafi, irin wanda ake shafawa in ana mura. Sai ya lakato ya goga a ƙasan hanci don kada ƙamshin burodi ya samu hanya. Ƙamshin ya ragu, amma idonsa ya yi ta zubar ruwa, har masu shaguna suna tambayarsa ko rasuwa aka yi. Da rana ya buɗe 'yar robar da matarsa ta sa masa, dafaffen ƙwai da gurji da ɗan kabeji, ya cinye kafin ya gama bismilla, ya zauna yana kallon robar kamar ta yi masa laifi. Yunwar ba ta tafiya. Tana dai ja da baya ta tsuguna, ta jira shi.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ke jiransa a gida.

Inna tana wurinsa, a ɗakin da ke kusa da kicin. Ciwon mantuwa ya cinye ta kaɗan-kaɗan. Matar Tanka da ta shekara goma sha tana yi mata wanka da wanki, yanzu ta koma "yarinyar nan ta maƙwabta". Jikoki kuwa "yaran mutane" ne masu hayaniya. Auta in ta zo gaishe ta, sai Inna ta tambaye ta ko 'yar gidan wane ce, don a wurinta Auta jinjira ce tana barci a ɗaki. Mutum ɗaya ya rage mata a duniya. Da ta ji takunsa ta gan shi ya cika ƙofa, sai fuskarta ta washe.

"Babba, ka dawo? Ka ci abinci?"

Ba ta cin abincin hannun kowa. Ta ce ba ta san wanda ya dafa ba, ba ta san abin da aka zuba ba. Sai dai Babba ya shigo da faranti ɗaya da cokali biyu, ya zauna a bakin gadonta, ya ci loma, ita ma ta ci loma. In ya tsaya, ta tsaya. Shekara biyu ke nan a haka, kuma a da bai taɓa jin nauyin abin ba. Wa ya ƙi a ce aikinsa shi ne cin shinkafa da nama sau biyu a rana?

Da farko sun gwada kawo mata irin cimarsa. Ta sa cokali ta juya kabejin, ta ɗago.

"Babba, akuya ce ni?"

Ga shi haƙoranta ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba, ga shi an ce lallai ta riƙa cin mai maiƙo don ba ta da jiki. Suka gwada faranti biyu, nasa daban nata daban. Ta ture nata ta juya ta fuskanci bango. Matar ta gwada zama a madadinsa, Inna ta ce mata cikin ladabi ta koma gidansu, kada uwarta ta neme ta.

Sai Tanka ya fito da tasa dabarar. Ya ɗebo shinkafa, ya kai baki, ya taɓa leɓe, ya sauke cokalin da kayansa a gefen farantin, ya yi ta motsa baki yana lumshe ido. "Kai, Inna, yau miyar ta yi daɗi." Ita kuma ta ɗebi nata. Wani lokacin in ta tsare shi da ido, dole ya sa a baki da gaske, ya riƙe a kunci, ya yi kamar tari ya kama shi, ya juya ya tofar a cikin leda da ya ɓoye a ƙarƙashin cinya. Wannan ita ce azabar da ta fi kowace. Man miya ya taɓa harshe, gishiri ya ratsa, maƙogwaro ya buɗe da kansa yana jira, sannan ka hana shi. Sau da yawa in ya fito daga ɗakin sai ya jingina da bango, gumi na tsattsafo masa, jiri na ɗibarsa.

Yunwa kuma ba ta bar masa hali ba. Mutumin da a da ba a jin kansa da kowa ya koma masifaffe. Wata rana ya dawo ya tarar matarsa na soya albasa, ya tsaya a ƙofar kicin ya dinga faɗa kamar an zagi ubansa.

"Ke ba ki da imani ne? Sai lokacin dawowata za ki ɗora wannan?"

"To Maigida, yaran su ci me? Su ma ƙodar za su bayar?"

 Ya wuce ɗaki ya kwanta rub da ciki, ya danna filo a kan hanci. Daga baya ya ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma daga ranar ta koma gama girki kafin ya dawo, ta buɗe tagogi ƙamshin ya fita.

Ranakun da Auta ke zuwa wankin ƙoda, in ya gama rabo yakan biya asibiti. Ɗaki ne dogo, gadaje a jere, kowane da injinsa yana ƙyafta 'yan fitilu, jini na zagayawa cikin siraran robobi. Auta na kwance, fuska a kumbure, leɓe a bushe ya tsattsage. Ita an ƙayyade mata ruwa, abin da za ta sha a yini bai kai ya jiƙa maƙoshi ba. Da ya ja kujera ya zauna sai ta shaƙi iska.

"Yaya, kana ƙamshin burodi da man zafi."

"Sabon turare ne. Na manya."

Ta yi dariya kaɗan. "Kai yunwa, ni ƙishirwa. Da za a haɗa mu a yi mutum ɗaya, da ya sha wuya."

"Ai haɗa mun za a yi."

Ta kalli wuyan rigarsa da ya yi masa yawa. Sannan ta ce, a hankali, "Yaya, in abin ya yi maka nauyi ka bari. Wallahi ba zan riƙe ka a zuciya ba."

"Rufe min baki. Yarinya ƙarama da surutun tsiya." Ya gyara mata bargo. "Ke dai ki shirya, ƙodata ba ta son raini. Ta saba da cin daɗi."

Kafin ya tafi sai nas ta kai shi kan sikeli. Ya cire takalmi, ya cire agogo, ya fitar da makullin mota daga aljihu, da zai yiwu da har gashin kansa ya aje. Allurar sikelin tana sauka, amma a hankali, kamar mai jin ƙiwa. Nas ta ce ya ci rabi, saura rabi.

Matarsa ce ta fara lura. Wata rana da yamma ya fito daga ɗakin Inna da faranti, ta karɓa ta tsaya tana kallo.

"Maigida, wa ke cin abincin nan?"

"Inna mana."

"Duba dai."

Ya duba. An barbaza shinkafar, an tura ta nan an tura ta can, amma in ka tattara ta kusan yadda ta shiga haka ta fito. Naman ma yana nan, an dai ɓoye shi a ƙarƙashi.

"Ba yau aka fara ba," in ji ta. "Ni nake mata wanka. Zanenta yanzu sai na zagaya shi sau biyu. Awarwaronta har gwiwar hannu yake zuwa."

 Shi duk zaman da yake yi hankalinsa na kan cokalinsa ne, yadda zai kai baki ya dawo da shi ba a gane ba. Bai taɓa duba nata ba.

Washegari ya zauna ya sa ido. Ya ɗebo, ya taɓa leɓe, ya sauke. Inna ta sa cokalinta a shinkafa, ta juya shi, ta ɗago shi wayam, ta kai baki, ta yi ta tauna iska tana gyaɗa kai. Da gefen cokalin kuma ta ɗan turo tsokar nama zuwa wajensa, a hankali, yadda ba zai gani ba. Ta ma fi shi iyawa nesa ba kusa ba.

Nan take ya tuna inda ya taɓa ganin wannan. Shekarar da babansu ya rasu, yana ɗan yaro, Inna na wanke-wanke a gidajen mutane. Haka take zama da su a gaban kwano, hannunta na zuwa yana dawowa, bakinta na motsi, in sun gama ta ce kai, ta ƙoshi har ba ta iya tashi. Sai da ya girma ya gane. Ashe dabarar da yake taƙama shi ya ƙirƙiro, a wurinta ya gada.

"Inna," ya ce, "ba ki ci ba."

Ta waiga ta dubi ƙofa, ta matso kusa da kunnensa.

"Yi shiru, kar yarinyar maƙwabta ta ji ta kai mu gaba. Na ci a wurin aiki." Ta kama hannunsa ta shafa, ta matsa inda fatar ta saki. "Dubi yadda ka koma. Kana tsammani ban gani ba? Kana bar min don babu. Ci abinka, Babba, ni babba ce, na saba. Wata zai yi, za a biya ni, za mu sayi buhu guda."

"Inna, akwai abinci. Wallahi kicin cike yake. Ni ne likita ta hana, saboda Auta. Auta ba ta da lafiya, zan ba ta..."

"Auta na barci, kar ka tashe ta. Ita ai nono take sha, ba ruwanta. Kai ne abin ji."

Ya tashi ya kinkimo buhun shinkafa daga kicin ya dire a gabanta. Ya kawo galan ɗin mai, ya kawo kiret ɗin ƙwai. Ta dube su ta dube shi, ido ya cika da tsoro, ta ce ya mayar wa masu shi tun kafin a zo nema, ita ba ta haifi ɓarawo ba.

To me ya rage? Ya zauna ya ci. Ya cika cokali ya sa a baki ya haɗiye tana kallon maƙogwaronsa. Wayyo, daɗin da ya ji har kunya ta kama shi. Da ta ga loma ta wuce da gaske, ta ga ta biyu ta bi ta, sai ta sauke ajiyar zuciya ta ɗebi nata. Ranar tare suka share farantin, har ta nemi ƙari.

Haka aka yi kwanaki. Inna ta fara dawowa hayyacinta, har tana 'yar waƙa in ana taje mata kai. Shi kuma ya ce zai rama a wani wurin, ya daina cin komai sai abin da ya ci da ita. Amma cikin da aka daɗe ana hana shi, in ya samu ƙofa ba ya jin magana. Loma ta kira loma. Ranar da ya sake hawa sikeli, allurar ba tsayawa kawai ta yi ba, baya ta koma.

A makon ne kuma Auta ta suma a kan injin. Da ya iso an mayar da ita wani ɗaki, an sa mata robar iska a hanci, mijinta na tsaye a baranda riƙe da takalminta ya rasa inda zai aje. Likitar ta ja Tanka gefe. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Ban san abin da ke faruwa a gidanka ba, kuma ba zan tambaya ba. Abin da na sani, in zuciyar nan ta ƙara rauni, ko ka rame ka zama tsinke ba zan iya yi mata aiki ba. Ka zaɓa."

A gida ya zayyana wa matarsa komai. Ta murza bakin zanenta, sannan ta yi magana.

"Zan faɗi wata magana, in ka ga dama ka ji haushina. In ka zauna da Inna ka yi ƙarya, ba za ta ci ba. In ka ci da gaske, Auta ce za ta tafi. To ka daina shiga. In ba ta ga ramarka ba, ba za ta ce babu ba. Ni zan san yadda zan yi da ita, ko shayi da madara ne, ko ayaba. Zan ce ka yi tafiya, kai ka aiko."

"Ki ce in guje wa uwata."

"Na ce yaran Auta ko ɗaurin takalmi ba su iya ba."

Ya ji haushinta kuwa, sosai, don ya san gaskiya ta faɗa.

Daga nan ya koma baƙo a gidansa. Ya fita tun Inna ba ta tashi ba. In ya dawo ya cire takalmi a waje ya bi ta gaban ƙofarta a kan yatsu, ƙaton mutum yana sanɗa kamar ɓera. Lokacin cin abinci ya koma cikin mota ya zauna, ya rufe gilashi, ya ci gurjinsa. Wani lokacin ta taga yakan jiyo ta.

"Yarinya, Babba bai dawo ba?"

"Ya kusa, Inna. Ga shi ya aiko miki da madara, ya ce ki shanye."

"Shi ya ci?"

"Ya ci, har ya yi ƙiba."

Sai ta kurɓa sau biyu ko uku ta ture. Da wannan dai aka riƙe ranta. Tun tana tambaya kullum, ta koma tambaya jefi-jefi. Shi kuwa ya ƙara wa kansa wuta. In ya gama rabo ya aje mota ya tako gida a ƙasa. Ya huda bel ɗinsa da ƙusa, ya sake hudawa, har matarsa ta kai wandunansa wurin tela. Fatar wuyansa ta zubo, idonsa ya faɗa, Mai Kwaɓi ya daina tsokanarsa, sai dai ya dafa kafaɗarsa ya wuce. Yunwar ba ta ragu ko kaɗan ba. Abin da ya canza kawai, ya daina faɗa da ita, ya bar ta tana cinsa, don gani yake ya cancanta.

Ranar da allurar ta sauka inda ake so, nas ce ta fara tafi. Likitar ta duba, ta sake dubawa, karon farko ya ga haƙoranta. Ta sa musu ranar aiki a mako mai zuwa. Ta ce yau ya je ya ci abinci irin na mutane, amma da hankali. Auta ta kama hannunsa ta kifa fuska a kai tana kuka, ya ce mata ta bari kar ta ɓarnatar da ɗan ruwan da aka ba ta.

Tun daga hanya ya kira matarsa ya ce ta ɗora shinkafa, ta sa mai sosai, ta sa nama mai laushi. Ya yi wanka, ya sa sabuwar riga daidai jikinsa. Ya ɗauki faranti da cokali biyu, ya yi sallama a ƙofar Inna da ƙarfi, yadda ya saba.

Tana zaune a bakin gado, ta ƙanƙance, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. Ta amsa sallamar, ta jawo mayafi ta rufe kai.

"Inna, ga ni na dawo."

"Sannu da zuwa," ta ce, irin yadda ake ce wa mai karanta mita. "Maigidan ba ya nan."

"Ni ne fa, Inna. Babba ne."

Ta dube shi da kyau, ba gaba ba tsoro, ta girgiza kai tana ɗan murmushi.

"Sunanku ɗaya ke nan. Nawa ƙato ne. In ya zauna a nan sai gadon ya yi ƙara."

Ya zauna a bakin gadon. Ta ɗan matsa gefe. Ya ce mata shi ne, ya faɗi sunan babansu, ya tuna mata gidan da suka zauna mai bishiyar lemo, ya nuna mata tabon ƙuna a hannunsa. Tana ta gyaɗa kai cikin ladabi, kamar mai sauraron labarin wasu mutane. Matarsa na tsaye a ƙofa, ta toshe baki da gefen mayafi.

Sai ya ce bari ya ci, in ta ga cinsa za ta gane. Ya miƙa mata cokali, ya cika nasa ya kai baki, ya haɗiye, ya sake cikawa.

"Kin gani? Da gaske nake ci. Bismilla, Inna, ɗebi."

Ta bi cokalinsa da kallo, ta dubi ƙasusuwan wuyansa, ta dubi yadda hannunsa ke rawa. Tausayi ya cika mata fuska. Ta aje nata cokalin a kan gado, ta tura masa farantin gaba ɗaya har ya taɓa gwiwarsa.

"Ci, bawan Allah. Cinye duka, ni ɗana nake jira. Kai, wace irin uwa ce ta bar ka ka koma haka?"

Ya so ya aje cokalin. Wallahi ya so. Amma yunwar wata da watanni ba ta san kunya ba, ba ta san uwa ba. Hannunsa ya ci gaba da zuwa yana dawowa, hawaye na zuba cikin shinkafar, yana ci yana shessheƙa, ita kuma tana ce masa sannu, a hankali, kar ya ƙware. Bai tsaya ba sai da ya ji cokali na kankarar faranti.

Ya miƙe da kyar, ya ɗauki farantin. Har ya kai ƙofa ta kira shi.

"Bawan Allah, don Allah in ka fita ka duba min hanya. In ka ga wani ƙato mai motar burodi, ka ce masa uwarsa ba ta ci komai ba, tana jiransa."

Ya tsaya, bai juyo ba.

"To, Inna," ya ce. "Zan faɗa masa."